Yadda Ake Gano Matsalar Hitar Wanka Da Ta Ƙi Hucewa Bayan An Kashe Ta

Duk shigowar hunturu sai an kira ni akan maganar nan, wai an kashe hita tun dare amma da asuba ruwa na fitowa kamar na fige kaza, kuma abu na farko da mutane ke yi shine su ruga kasuwar Panteka ta Kaduna su sayo sabon elemen, wato ƙarfen da ke dafa ruwa a cikin hitar. Don Allah ku daina. Elemen ƙarfe ne kawai, in wuta bata shige shi ba babu yadda za a yi ya ɗau zafi, kenan in hita na zafi to wuta na isa gare ta ta wata hanya, hanyar ce za ka nema.

Kafin ka ɗauko sukudireba ka fara tabbatarwa ma akwai matsalar. Tukunyar hita a lulluɓe take da abin riƙe zafi kamar fulas ɗin shayi, mai lita 30 ko 50 in ta yi zafi da daddare zata iya kai safe da sauranta. Sannan a watan Maris da Afrilu baƙin tankin nan na sama rana ke dafa shi, ka buɗe famfo da azahar ka ji ruwa zau, ba ruwan hita a ciki. To kashe makunnin, ka buɗe famfon ruwan zafi ya zuba har sai ya koma sanyi sarai, ka rufe, ka bashi awa 2 lokacin da akwai nepa. In ya sake zafi to da magana.

Ni mita nake fara tambaya don bata ƙarya. Kashe komai na gidan har firji, ka bar babban layi kaɗai, ka je ka tsaya gaban mitar kati. In jar fitilar nan na ta ƙiftawa da sauri to wani abu na shan wuta. Hita mai wat 1500 yunit ɗaya da rabi take ci duk awa, kai da kanka ka lissafa abin da kwana ɗaya zai yi wa katinka. Sauke birekar hitar a akwatin wuta, in ƙiftawar ta lafa ka kama ɓarawon.

Yanzu makunni, kuma nan ne ni na sha wuya. A gidan da na yi haya a Malali sau biyu wani mai gyaran wuta yana sa ni canza elemen, kuɗi na tafiya ruwa na nan yadda yake, uwargida har ta fara cewa Baban Amira anya ba gidan bane ke da mutanen ɓoye. Ranar da na gaji na sauke bireka na kwance makunnin da ke bakin ƙofar banɗaki, ina cire murfin wani ƙauri ya buge ni, robar bayan ta yi baƙi ta narke gefe ɗaya, ƙarafunan ciki da ya kamata su rabu in an danna sun manne da juna kamar an yi musu walda. Kana dannawa zaka ji ƙas kamar lafiya lau amma wuta na wucewa abinta. Dalili kuwa wanda ya yi wayarin gidan ɗan ƙaramin makunni ya sa, hita kuma mai amfiya 20 take so, irin wanda ke yanke waya biyu lokaci guda, mai 'yar jar fitila a jiki. Kuma kar ka yarda da fitilar nan ita kaɗai, tana iya mutuwa wuta na nan. Bayan ka kashe makunni, bireka kuma na kunne, ka sa testa a wayar da ke fita zuwa hita, in ta kawo haske shikenan ka gano. In zaka canza makunnin ka sake sauke bireka, ka ɗaure sukurorin tam, waya mai lilo ita ke haifar da zafin da ke narka su. Ni dai ba na sayen mai arha a nan, arha bata ado, gara na rage kuɗin cefane na sati.

Wani abin kuma ka duba ko an haɗa hitar da wani layi daban, akwai gidajen da ake jona ta da soket na ɗaki ko layin jen a tsallake makunnin gaba ɗaya.

In kuwa matsalarka ita ce hita a kunne bata yanke kanta, ruwa na fita da tururi, wannan tamostat ne, abin da ke yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka saita. Sauke bireka, buɗe murfin roba na ƙasa, a yawancin irin su Ariston zaka ga ɗan sanda ne da ake zarowa ba sai ka zubar da ruwa ba. Tafi da tsohon kasuwa a baka irinsa, tsayi ɗaya, ka mayar ka saita wajen digiri 60. In mai gyara yace bari ya haɗa maka dairek, wato ya tsallake tamostat, kafin a samu sabo kace masa a'a ko waye shi, tukunya a rufe tana tafasa ba abin wasa bane. Ɗan bawul ɗin da ke ɗigar da ruwa a bututun shiga shima kar a toshe shi, aikinsa kenan ya rage matsi.

Kafin ka maido wuta buɗe famfon zafi sai ruwa ya zubo sosai babu tusar iska, in ka kunna tukunya ba ruwa elemen ɗin zai ƙone nan take, sai ka koma Panteka da gaske. In kuma ka taɓa famfo ka ji yana ɗan jan hannunka, bar bireka a sauke, a dafa ruwa a risho ko gas a kira mai gyaran da ya san aikinsa ya duba wayar ƙasa.