Yadda matashi zai zama malamin gona a ƙasar Zazzau

Matashin da ya tashi a Zariya yana sha'awar aikin malamin gona ya yi dace da gari, domin garuruwa kaɗan ne a Nijeriya suka tara cibiyoyin ilimin noma kamar nan. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR, wadda tarihinta ya faro tun 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan Samarun ne kuma ake da NAERLS mai kula da yaɗa ilimin noma a faɗin ƙasa, sannan a Shika akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI. Aikin malamin gona shi ne ya ɗauki abin da waɗannan cibiyoyi suka gano ya isar da shi ga manomin Giwa da Soba da Makarfi da Kudan, ya kuma dawo wa masu bincike da koken manomin.

Batun karatu ba shi da wuyar fahimta. Ɗalibi zai nemi kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, da suka haɗa da Turanci da lissafi da kimiyyar sinadarai da kimiyyar halittu ko ta noma, sannan ya zauna jarrabawar JAMB. Mai son gajeriyar hanya sai ya nufi Kwalejin Aikin Gona ta Samaru ya yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, daga baya ya ƙara babbar difloma idan hali ya yi. Mai son digiri kuwa zai shafe shekara biyar a Tsangayar Aikin Gona ta jami'ar, ciki har da shekara guda ta aiki a gona, kuma wannan shekarar ce nake roƙon ɗalibai kada su yi mata riƙon sakainar kashi, domin ita ce take bambanta wanda ya haddace darasi da wanda zai iya tsayawa gaban dattijon da ya shekara arba'in yana noma.

Abin da ya fi takarda muhimmanci shi ne gonar gwaji, kuma bai kamata matashi ya jira sai an ɗauke shi aiki kafin ya koyi kafa ta ba. Ya nemi ɗan fili a bakin hanyar da manoma ke bi zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a, ya raba shi biyu, gefe ɗaya a noma shi yadda aka saba, ɗaya gefen kuma a bi sabuwar hanya. Idan masara ce, ya samo ingantaccen iri daga cikin jerin SAMMAZ, wato ire-iren masarar da IAR ta fitar, ya bar tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya da santimita 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami, wanda zai ba da tsiro kimanin 53,000 a hekta guda. Takin NPK ana sa shi cikin mako biyun farko bayan shuka, yuriya kuma ta biyo baya wajen mako na biyar ko na shida, kuma a tona a binne shi ɗan nesa da gindin shuka, domin wanda aka watsa a sarari ruwa yana wanke shi, wani kuma ya bi iska. Sharaɗi mafi girma shi ne manomin da ya ba da filin ya yi aikin da hannunsa, malamin yana gefe yana nuni da igiyar awo da murfin kwalba na auna taki. Ranar girbi a tara jama'a, a ɓare masarar kowane gefe daban, a auna a gaban kowa. Gani ya kori ji, kuma manomin Zazzau ba ya sauya irin da ya gada saboda daɗin bakin baƙo.

Daga nan sai sanin ƙwari da cututtuka. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya, ta zama tambayar farko da ake yi wa malamin gona da damina, don haka dole ya iya buɗe kan masara ya gane ta ta hanyar hudojin ganye da kashinta mai kama da garin katako, ya kuma san cewa feshin safe ko na yamma, tun tsutsar tana ƙarama, shi ne mai amfani. Ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse hatsi, da yadda juya shuka da waken soya ko gyaɗa yake rage ta, ya san wake SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 domin jure tsutsar da ke huda kwanson wake, ya kuma iya koyar da adana wake a buhu mai ninki uku ba tare da zuba magani ba. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne yadda ake ganin yara suna goye da injin feshi babu takalmi, babu safar hannu, babu abin rufe hanci, wani ma yana motsa magani da hannunsa. Malamin da ya ga haka ya wuce bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Shiga ƙauye ma yana da ladabinsa. A fara da gaisuwa a ƙofar dagaci ko mai unguwa, a nemi sarkin noma, a saurara fiye da yadda ake magana, kuma kada a yi alkawarin taki ko bashi alhali ba a hannun mutum suke ba, domin alkawari ɗaya da aka saɓa yana iya rufe ƙofar gari shekaru. 'Yan mata masu sha'awar wannan fanni su sani ana matuƙar buƙatarsu, tunda matan da ke kiwon awaki da kaji da sarrafa gyaɗa a cikin gidaje malama ce kaɗai take iya shiga ta zauna da su.

Game da wurin aiki kuwa, akwai Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Kaduna, wadda shiyyarta ta Maigana ke kula da wannan yanki, akwai kuma sashen noma na ƙananan hukumomi, sai dai gurabe a gwamnati ba kullum suke buɗewa ba. Kamfanonin iri da ke Zariya, irin su Premier Seed, suna buƙatar masu sa ido kan manoman da ke noma musu iri, haka ma ƙungiyoyi irin su Sasakawa da masu ba manoma kayan noma bashi su karɓi amfani da kaka. Wanda bai samu ko ɗaya ba yana iya buɗe ɗan shagon iri da magani, yana haɗawa da ba da shawara, da sharaɗin ba zai tallata wa manomi abin da gonarsa ba ta buƙata ba. Duk inda mutum zai nema, ya tafi da littafin da ya rubuta tarihin gonar gwajinsa, wato ranar shuka da sunan iri da yawan takin da ya sa da buhunan da aka samu a kowane gefe, tare da hotunan da ya ɗauka da wayarsa, domin a wajen ganawar ɗaukar aiki irin waɗannan tambayoyin ake jefa wa mai nema.