Yadda ake kaɗa sauti mai ɗigo a tsohon kiɗan Turai

A rubutun kiɗan Turai, ɗigo a gefen alamar sauti yana ƙara wa sautin rabin tsawonsa. In an raba bugu gida huɗu, dogon sauti ya ci uku, gajeren da ke biye ya ci ɗaya. A takarda ke nan. Amma Quantz, Bajamushe malamin sarewa, ya rubuta a 1752 cewa a ja dogon, a matse gajeren. Leopold Mozart, malamin biyolin (gogen Turawa), shi ma a 1756 ya ba da shawarar ɗigo biyu, wato bakwai da ɗaya.

Fara da kunne. Saita metronom, na'urar da ke ba da bugu daidai-daidai, a bugu 60 a minti, ka ƙirga huɗu cikin kowane bugu, ka tafa a kan ɗaya da huɗu. Naɗi kanka a waya ka saurara. Yawanci za ka ji ya zame zuwa biyu da ɗaya, kiɗan ya yi lagwas, domin hannu na gaggawar shigo da gajeren kafin lokacinsa. Maganinsa shi ne ka ɗauki gajeren a matsayin ɗan rakiyar sautin da ke gaba. Idan uku da ɗaya ta zauna, ƙirga takwas, ka tafa a kan ɗaya da takwas.

Ba dole ne a riƙe dogon har ƙarshe ba. Mai biyolin ya ɗan ɗaga bakan da yake goga tsirkiya da shi a wurin ɗigon, ya bar shiru kaɗan, sannan ya fizgi gajeren. Mai hafsikod, tsohon kayan kiɗa mai kama da piyano, ya ɗage yatsa da wuri. A coci mai amsa kuwwa, matsewa da yawa kan haɗiye gajeren ɗungurungum, sai a sassauta.

Inda aka fi matsewa shi ne sashen farko na mabuɗin kiɗa irin na Faransa, salon Lully, mai tsara kiɗa a fadar Sarkin Faransa Louis na 14. A waƙa mai taushi kuwa, rage matsewa. Masana ma ba bakinsu ɗaya ba, don masanin kiɗa Frederick Neumann tun shekarun 1960 ya musanta cewa wannan matsewa ka'ida ce ta ko'ina.

Idan hannu ɗaya na kaɗa sauti mai ɗigo, ɗaya hannun kuma na raba bugun gida uku daidai, a kiɗa mai sauri haɗa gajeren da na ukun. A mai tafiyar hawainiya bar shi ya zo bayansa. In ƙungiya ce, ku tsayar da rabo guda tun a atisaye, kowa ya rubuta da fensir a takardarsa.