Yadda za ka maimaita tsohon fim ɗin dodo mai waƙa da barkwanci ba tare da masoyansa sun jefe ka ba

Ranar nan muna zaune a ƙofar wani situdiyo a Zoo Road bayan la'asar, NEPA sun ɗauke ana jiran yaro ya kawo fetur, sai wani ƙanina da yake koyon editin ya miƙo min waya ya ce Yaya don Allah kalli wannan. Wata ƙatuwar shuka ce mai baki kamar na kada, ga leɓe ga haƙora, tana rera waƙa tana roƙon a ba ta mutum ta ci. Little Shop of Horrors kenan na 1986. Ya ce wallahi Yaya in aka yi wannan da Hausa sai an rufe gari. Na ce za a iya, amma ba ta hanyar da kake tunani ba, don na san a ranka so kake ka zauna da rimot kana tsayarwa kana kwafa sin bayan sin kamar yadda aka daɗe ana yi wa finafinan Indiya. Toh abin da na faɗa masa ranar shi ne zan faɗa muku, da ƙarin abin da na manta ban faɗa ba saboda an kira magariba.

Abu na farko, ka san mai kayan. Shi wannan fim ɗin kansa maimaici ne. Na asalin Roger Corman ne ya yi shi a 1960, baƙi da fari, babu waƙa ko ɗaya, kuma cikin kwana biyu da dare ɗaya aka ɗauki mafi yawansa a saitin da wani fim ya gama amfani da shi. Sai a 1982 Howard Ashman da Alan Menken suka sa masa waƙoƙi ya koma wasan daɓe a New York, daga nan Frank Oz ya mayar da shi fim a 1986. Ka ga hannu uku kenan. Na 1960 ɗin a Amurka ya zama na kowa da kowa, amma waƙoƙin nan da labarin da aka yi wa daɓe suna da masu su, kuma ba sa wasa. In ka ɗauki karin waƙarsu ka ɗora baitin Hausa ka saka a YouTube, ba sai wani ya kai ƙararka ba, na'urar ce za ta gano kiɗan, ko su kwashe kuɗin tallan ko su sauke maka bidiyon, ka tashi a tutar babu. In kuma tsohon fim ɗin Hausa ne kake son maimaitawa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba wa fim shekara 50 daga lokacin da ya fita, waƙa da rubutu kuma shekara 70 bayan rasuwar mai su, kuma tunda Turmin Danya da ake cewa shi ne na farko 1990 ya fito, babu fim ɗin Kannywood ɗaya da ya zama na kowa da kowa har yau. Ka nemi furodusan ko magadansa, ka nemi mawaƙin daban don sau da yawa shi ba a taɓa sayen waƙar a hannunsa a rubuce ba, ku yi takarda da shaidu. "Ai ya ce min ba komai" ba takarda ba ce, ranar da fim ya kawo kuɗi za ka ga komai.

Sai kuma ka zauna ka tambayi kanka me ya sa mutane suke mutuwar son tsohon. Nan ne ake faɗuwa. Irin waɗannan finafinan ba don sun fi kowa kyau ake son su ba, wani lokacin ma don ɗan shirmen da ke cikinsu ne, masu kallo ne suka riƙe su suka mai da su nasu. Dubi The Rocky Horror Picture Show, da ya fito a 1975 bai yi kasuwa ba sam, sai a 1976 wani gidan silima a New York ya fara nuna shi da sha biyun dare, mutane suka dinga dawowa duk sati suna sa kaya irin na jaruman suna amsa wa fim ɗin magana, in an zo wajen ɗaurin aure su watsa shinkafa, in an zo wajen ruwan sama su ɗora jarida a ka. Duk wanda ya shiga Plaza ko Orion ko Marhaba a da ya ga yadda ake fito da ihu in jarumi ya shigo, ya san wannan yanayin. Toh a 2016 tashar Fox ta maimaita shi da kuɗi da kaya masu ƙyalli, har da sa 'yan kallo na ƙarya a cikin fim ɗin suna yin ihun da na gaske suke yi, kuma masoyan suka juya masa baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi wancan ma dai kar ka fara tunanin taɓa shi a Kano, abin da ke cikinsa ko ƙofar Hukumar Tace Finafinai ba zai wuce ba, darasin kawai za ka ɗauka.

Yadda nake yi shi ne in rubuta labarin a layi biyu ba suna ba gari. Misali na shukar nan: yaron shago talaka marar kowa ya samu abin da yake kawo masa kuɗi da suna, amma abin jini yake sha, kuma kullum ƙara girma yake. Shi kenan. Yanzu ka faɗa min wane Bahaushe ne bai san wannan labarin ba? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne kawai aka sa wa ganye. Da ka samu wannan ƙashin bayan sai ka rufe tsohon fim ɗin, kar ka sake kallonsa har ka gama rubutu. Shagon fulawa na talakan unguwa ba abinmu ba ne sosai, mu masu fulawa a bakin titin Nasarawa muke ganinsu, don haka ni da ni ne rumfar mai maganin gargajiya zan kai shi a can cikin Kurmi, rumfar da ta mutu ba ciniki, ga maigida masifaffe da kullum yake cewa "kai yaro abincin da kake ci ma asara ne", sai yaron ya dasa wani saiwa da wani baƙo ya bar masa a tsohon galan, ranar da reza ta yanke shi jini ya ɗiga a kai washegari ganye ya fito, kuma duk wanda ya sha jiƙon ganyen ya warke. Layi har Jakara. Ka ga labari ya zama namu, har ma ka wuce maimaici ka shiga sabon abu, wanda ya fi maka kwanciyar hankali ta wajen doka, amma duk da haka in kamannin sun yi yawa ka faɗi inda ka samo, ba ya rage ka da komai.

Kuma kar wani ya ce maka haɗa tsoro da dariya da waƙa abin Turawa ne. Tatsuniyar da kakarka ta yi maka fa? Dodo yana bin yarinya yana waƙa tana amsawa, kana ƙanƙame da zanin Iya don tsoro kuma Gizo ya shigo da tsamin bakinsa ka fashe da dariya. Ga tashe da azumi. Mun riga kowa iya wannan, mantawa muka yi.

Inda aikin yake shi ne awo. Tsoron dole ya zama na gaske. In dodon ya zama abin wasa tun daga farko toh dariyar ma ba za ta zo ba, saboda dariyar irin wannan fim daga tsoro take fitowa, mutum ya riƙe numfashi sannan ka sake shi. Ka hana jarumanka yin barkwanci, wannan ita ce maganar da ta fi wuya a lokeshan. Ɗan wasanmu da ya ji an ce fim ɗin dariya ne sai ya fara zare ido yana karkace hula yana so ya zama marigayi Ibro, alhali Ibro ɗaya ne kuma ya tafi tun 2014, Allah ya jiƙansa. Ka ce masa Malam kai ba ka san kana cikin fim ɗin dariya ba, kai yaro ne da shuka take ce wa yunwa take ji da ƙarfe biyun dare kuma yatsunka goma duk sun sha filasta, ka yi shi da gaske kamar ranka ne a kai. Mu ne za mu yi dariyar ba kai ba.

Waƙa kuma, don Allah, ba a tsaya da labari a tafi lambu a canza kaya kala bakwai a dawo ba. Gwajin mai sauƙi ne, ka cire waƙar, in labarin bai rasa komai ba toh waƙar ba ta da aiki. A waƙa dodon zai yaudari yaron, a farkon baiti yaron yana cewa a'uzubillahi, kafin amshi na uku ya fara tunanin wa zai kawo. Muryar dodon ka ba wa mai murya mai kauri da zaƙi wadda za ta ja mutum, su ma can mawaƙi na gaske suka ɗauko, Levi Stubbs na ƙungiyar Four Tops, ba wai ka sa wa siririyar murya ifet na kwamfuta ba. Kuma ka rage fiyano ka nemo mai garaya ko goge, ko mai gurmi, don kunnen Bahaushe da ya ji garaya cikin dare ya san ba lafiya ba tun kafin ka nuna masa komai. 'Yan amshi mata uku su zama kamar maƙwabta masu leƙe ta katanga, suna ganin komai suna waƙe shi amma ba sa hana komai. A gama rikodin duk waƙoƙin kafin a fita shutin, ba a tsakiya ba.

Toh sai dodon kansa. Kar ka yarda wani ya ce zai zana maka shi a kwamfuta da kuɗin da kake da shi, abin da zai fito kamar katun ɗin yara ne, a yi ta yawo da shi a TikTok ana maka dariyar da ba ita ka nema ba. Ka gina shi da hannu. Soson kujera daga wajen masu kushin, waya da roɗi sirara daga Ƙofar Ruwa wani mai walda ya haɗa maka ƙashin baki, gam, yadi, fenti, harshe na jan leda, ka yi shi girma uku ko huɗu, na galan wanda hannu ɗaya zai shiga, na bokiti, da babban da mutum zai zauna a ciki. Wanda zai shiga ciki ka tausaya masa, kar ka sa shutin ɗin a watan Afrilu, kuma duk minti kaɗan a fito da shi ya sha iska da ruwa. Ga wata dabara da su Frank Oz suka yi wadda ba ta cin ko sisi: bakin babbar shukar ya yi nauyi ba ya iya bin waƙa da sauri, sai suka dinga ɗauka a hankali, jarumin da ke gefenta ma yana motsi yana motsa baki a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, da aka kunna da gudun da aka saba sai ga shuka tana waƙa tsaf. Kai ma ka rage gudun waƙar zuwa rabi ka kunna a sifika, a ɗauka haka, mai editin ya ninka gudun. Abin kiyayewa kawai kar a samu labule ko hayaƙi ko mai wucewa a bayan, don su ma za su ninka gudu asiri ya tonu.

Jini kuwa na taɓa shan kunya a kansa. Mun ce za mu yi arha muka dafa zoɓo mai kauri muka sa sitaci, a ido kamar gaske, da muka duba a kyamara sai ga shi shanshanbale kamar an ɓarar da kofin mai zoɓo, ga ƙudaje sun taru a fuskar wanda ya kwanta a matsayin gawa, gawa tana ta hura hanci tana korar ƙuda. Ruwan sikari mai kauri da jar kalar abinci da ɗan garin koko don ya yi duhu ya fi, ku gwada a kyamara da irin hasken da za ku yi amfani da shi tun ana gobe. Amma ma dai ka rage nuna shi. Inuwa a bango, takalmi ƙafa ɗaya a bakin tukunya, gyatsar dodo, sun fi bokitin jini tsoratarwa kuma sun fi ban dariya, sannan za su sauƙaƙa maka wajen tacewa, don hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fito da ƙa'ida a 2024 kan ƙawata tsafin kuɗi a fim, ita kuma ta Kano da take nan tun 2001 tana da nata sharuɗɗan kan rawa da sutura da taɓa juna. Ka kai musu labarin tun yana takarda ka ji ta bakinsu, ya fi ka gama kashe kuɗi a ce ka yanke sin ɗin da duk fim ɗin ya rataya a kansa.

Ƙarshen fim shi ma kar ka yanke hukunci kai kaɗai. A na 1986 sun ɗauki ƙarshe irin na daɓen, shukar ta cinye saurayin da budurwar ta mamaye duniya, wajen minti 23 da ya ci miliyoyin dala, da aka gwada nuna wa mutane suka ƙi shi ƙememe saboda sun riga sun so yaran nan biyu, dole aka koma aka ɗauki wani inda suka tsira, wancan ƙarshen na farko sai 2012 aka fito da shi a gyare. A daɓe wanda aka cinye yana dawowa ya rusuna a tafa masa, a fim kuwa in ya mutu ya mutu. Mu kuma a nan matsalar ta juye, yaron da ya ba wa dodo mutane ba zai tafi ya yi aure ya zauna lafiya ba, masu kallo ba za su yarda ba balle masu tacewa. Don haka ka ɗauki ƙarshe biyu tunda kuna lokeshan kaya na nan, ka tara mutum ashirin ko talatin da ba abokanka ba, har da iyaye mata da 'yan sakandire da masu tura finafinai a waya na Farm Centre, ka kunna musu, kai kuma ka zauna a baya da biro kar ka ce uffan. Ka rubuta minti nawa aka yi dariya, minti nawa aka yi tsit, da minti nawa wani ya zaro waya ya fara latsawa.

Ƙanin nawa dai tuni ya sayo soso, jiya ya turo min hoton kan dodon na galan, ya yi kama da kabewar da aka taka, na ce ya ƙara masa leɓe ya rage haƙoran.