Yadda ake yin farantin yumɓu irin na Thomas Toft, mai zanen 'yar ruwa da zaki

Duk wanda ya ga hoton farantan da aka yi a yankin Staffordshire na Ingila wajen shekarun 1670 zuwa 1680, yakan ɗauka da buroshi aka zana su. Ba fenti ba ne. Yumɓu ne aka dama da ruwa, aka tsiyaya shi a kan wani yumɓun. Mafi shahara su ne masu ɗauke da sunan maginin tukwane Thomas Toft da manyan baƙaƙe a gefe, sai na Ralph Toft da Ralph Simpson da William Taylor. Faɗinsu yakan wuce santimita 40, kuma na ado ne, ba na zuba abinci kullum ba. Ana iya ganinsu a gidajen tarihi na Stoke-on-Trent da Kambirij da Landan.

Fara da zaɓen hoto, tun kafin ka taɓa ƙasa. Mutanen wancan zamani ba su da hotuna barkatai, 'yan kaɗan ne suke maimaitawa. Akwai 'yar ruwa, sama mace ƙasa kifi, riƙe da mataji da madubi. Akwai kwasakwasa tana tsaga ƙirjinta tana shayar da 'ya'yanta jini, wadda Kiristoci ke ɗauka alamar sadaukar da kai. Akwai Sarki Charles na II a cikin bishiyar Boscobel, inda ya ɓuya bayan an ci shi da yaƙi a Worcester a 1651. A faranti kansa kawai ake nunawa yana leƙowa daga ganye, zaki a gefe guda, doki mai ƙaho ɗaya a ɗaya gefen. Sabon hannu ya ɗauki 'yar ruwa. Layukanta dogaye ne masu lanƙwasa, ɓawon kifin kuwa yana ɓoye rawar hannu. Zaki da tambarin sarauta a bar su tukuna.

Jikin farantin jan yumɓu ne. Toft a kan faifan juyi na magina tukwane ya gina nasa, amma idan ba ka da shi, murza yumɓun ya yi faɗi, kaurin kamar santimita ɗaya, ka shimfiɗa shi cikin babban tire mai ɗan zurfi da ka sa wa ƙyalle. Bar baki mai faɗin yatsu huɗu. Kada ka fara da santimita 40, yi 25 ka ga yadda ƙasarka take.

Ruwan yumɓu kala uku kake bukata: fari, ja mai ɗan haske, da baƙi-baƙi. Farin daga farar ƙasa mai danƙo, jan daga ƙasar da ka yi jikin da ita an sirka da ɗan fari, baƙin kuma jan ne aka ƙara wa garin manganis, wani baƙin ma'adini. A jiƙa su kwana guda, a tace da rariya mai laushi sau biyu. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta toshe maka bakin matsiyaya a tsakiyar layi, ka matsa da ƙarfi, ya tsirto ya ɓata fuskar 'yar ruwa. Na shafe faranti ya yi kaurin kunun tsamiya, na zane ya ɗan fi shi kauri, yadda layi zai tsaya da tudunsa.

Yanzu ga inda yawancin masu koyo ke yin asara, wato lokacin zuba farin. Ba a zuba shi a kan faranti ɗanye sharaf, domin zai sha ruwa ya zube. Ba a kuma zuba shi a kan busasshe, domin jikin ya riga ya gama tsukewa, farin kuma zai tsuke shi kaɗai, ya tsattsage ya ɓare tun kafin wuta, ko bayan wuta, wanda ya fi ciwo. Ana so farantin ya yi tauri har ka iya ɗaga shi bai lanƙwashe ba, amma farce ya shige shi ba tare da ya fitar da gari ba, kuma ka ji sanyi in ka kai shi kumatu. A nan ne za ka zuba farin a tsakiya, ka juya sau ɗaya ya kai baki, ka tsiyaye ragowar, ka mayar da shi cikin tirensa nan take. Masu koyo sukan ajiye shi a kan tebur su tafi wanke hannu, su dawo su tarar bakin ya faɗi, saboda ruwan da ya sha ya sake tausasa shi. Idan ka ga wani wuri bai rufu ba, ƙyale shi, zubi na biyu ne ke kashe faranti.

Daga nan sai jira, har ƙyallin ruwan ya dushe amma farin bai bushe ba. Ka yi sauri, layin ya nutse ya baje. Ka makara, ya ƙi kamawa. A lokacin hunturu wannan tazarar gajeriya ce ƙwarai, gara a yi aikin a ɗaki a rufe. Ni a ganina duk wanda bai fara gwada ƙasarsa da farinsa a kan 'yan fale-falen gwaji ba, bai shirya ba, domin ba kowace farar ƙasa ce ke tsukewa daidai da ja ba.

Turawan wancan zamani suna tsiyayawa ne ta bututun gashin tsuntsu da aka soka a ɗan tulu ko a ƙaho. Yau ana sayar da 'yar roba mai matsewa, amma ledar da masu zanen lalle ke naɗewa tana yi, kuma kusan kyauta ce. Ja layin waje da baƙi, bakin bututun yana ɗan sama da farantin, ba ya gogarsa, hannu na tafiya daga kafaɗa. Cike ciki da ja. Sannan ka bi kan baƙin layin da ɗigo-ɗigon fari a jere, wannan ne ke sa faranti ya yi kama da na Toft. Baki kuma layuka ne masu gittawa kamar raga, ja da baƙi, a bar fili a ƙasa don suna. Kuskure ba ya goguwa, mayar da shi ganye ko fure.

Wannan sana'a ta kusa mutuwa kafin Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya farfaɗo da ita a Winchcombe ta Ingila daga 1926. Shi ne dai ya zo ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954.

Bushewa a hankali, an lulluɓe bakin da leda don kada ya riga tsakiya. Gashin farko a tanderu, wajen digiri 1000 na ma'aunin Celsius. Ƙyallin gilas mai launin zuma da ke kan tsofaffin farantan daga dalma yake, garinta suke barbaɗawa kafin gashi. Kada ka kwaikwaye su a nan, wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Sayi ruwan gilas marar dalma, wato abin shafawar da ke narkewa a wuta ya ba faranti ƙyalli, ka ƙara masa garin tsatsar ƙarfe kashi 2 cikin 100, zai mai da farin ya koma ruwan ɗorawa. Ciki kawai ake shafawa, bayan farantin a bar shi haka, a mayar tanderu zuwa wajen digiri 1080, kuma kada a buɗe sai ya huce sarai.