Yadda Ake Gyaran Rubutu a Vim Ba Tare da Taɓa Linzami Ba

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da kwamfutocin da ke aiki da Linux, ko ba daɗe ko ba jima zai tsinci kansa a gaban Vim, wato manhajar rubutu da gyaransa, domin sau da yawa shi ne ake tararwa a kwamfutar da aka shiga daga nesa, inda babu linzami kuma babu hotunan da za a latsa. Asalinsa shi ne vi, wanda Bill Joy ya rubuta a shekarar 1976 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sannan Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991, ya kuma ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a watan Agustan 2023. Abin da ke fara ruɗa sabon shiga shi ne cewa idan ya buɗe fayil ya danna harafi, harafin ba ya bayyana, saboda manhajar tana buɗewa ne a yanayin umarni, inda kowane maɓalli yake nufin wani aiki. Hikimar wannan tsari ita ce mai rubutu ya fi ɓata lokaci wajen karantawa da gyarawa fiye da shigar da sabon rubutu.

Abu na farko da ya kamata hannu ya saba da shi shi ne shiga da fita. Maɓallin `i` yana buɗe yanayin rubutu kafin harafin da manuni (alamar da ke nuna inda kake a cikin rubutu) yake kai, `a` a bayansa, `A` a ƙarshen layi, `I` a farkon rubutun layi, `o` kuma yana buɗe sabon layi a ƙasa, `O` a sama. Da zarar ka gama abin da ka shigo rubutawa, sai ka danna Esc ka koma yanayin umarni, kuma ina ba da shawarar ka mayar da wannan ɗabi'a tun ranar farko, domin Vim yana lissafa duk abin da aka rubuta tsakanin shiga da fita a matsayin gyara guda. Wanda ya zauna a yanayin rubutu ya zuba sakin layi uku, idan ya danna `u` don soke kuskuren kalma ɗaya, duka ukun za su tafi tare, ko da yake `Ctrl-r` zai dawo masa da su. Ana ajiye fayil da `:w`, a fita da `:q`, a haɗa biyun da `:wq`, idan kuma an yi ɓarna ana son a watsar da komai, sai a yi amfani da `:q!`.

Motsi da harafi ɗaya ana yin sa da `h` zuwa hagu, `j` ƙasa, `k` sama, `l` dama, kuma an gaji wannan tsari ne daga na'urar ADM-3A da Bill Joy ya yi aiki da ita, wadda aka zana kibiyoyi a kan waɗannan haruffa huɗu. Sai dai bai kamata mutum ya daɗe a kansu ba. Da `w` ake tsallakawa farkon kalma ta gaba, `b` ya koma baya, `e` ya kai ƙarshen kalma. `0` farkon layi ne, `$` ƙarshensa. `gg` saman fayil, `G` ƙasansa, `42G` kuma layi na 42. A cikin layi ɗaya, `f` tare da harafi yana sauke manuni a kan wannan harafin, `t` ya tsaya daf da shi, `;` kuma ya maimaita neman. Neman kalma a dukkan fayil kuwa da `/` ake yin sa, `n` ya kai ka ta gaba, `N` ya mayar da kai ta baya, kuma idan ka yi dogon tsalle kana son komawa inda ka baro, `Ctrl-o` ne zai mayar da kai.

A nan ne ainihin al'amarin yake, kuma wanda ya gane shi ya huta da haddace dogon jerin umarni. Umarnin Vim kamar jimla yake, yana da aikatau da abin da aikin ya faɗa wa. Aikatau da ake buƙata kullum guda uku ne: `d` gogewa, `c` gogewa tare da shiga yanayin rubutu, `y` kwafewa. Duk wani motsi da ka koya a sama yana iya biyo bayansu, don haka `dw` ya goge kalma, `d$` ya goge har ƙarshen layi, `dG` har ƙarshen fayil, `ct,` ya sauya komai har zuwa waƙafi, `d3w` kuma ya goge kalmomi uku. Idan aka ninka harafin, kamar `dd` ko `yy` ko `cc`, aikin ya shafi layin gaba ɗaya. Ribar wannan tsari ita ce, ranar da ka koyi sabon motsi guda, ka samu sababbin umarni uku a kyauta.

Akwai kuma hanyar ambaton yankin rubutu ba tare da an je farkonsa ba, kuma a ganina ita ce ta fi kowace saurin sauya yadda mutum yake aiki. A ɗauka akwai layi kamar haka a fayil ɗin saiti: `suna = "tsohon shafi"`. Maimakon ka lallaɓa har bayan alamar zance ka yi ta gogewa, ko da manuni yana farkon layin, ka danna `ci"`, nan take abin da ke tsakanin alamomin biyu zai ɓace, manuni ya tsaya a tsakiyarsu yana jiran sabon rubutu. Haka `ciw` yake sauya kalmar da kake cikinta ko a wane harafi ka tsaya, `ci(` ya sauya abin da ke cikin baka, `dap` kuma ya ɗauke sakin layi sukutum tare da layin da babu komai da ke binsa. Harafin `i` a nan yana nufin cikin abin kaɗai, `a` kuma ya haɗa da abin da ya kewaye shi.

Abin da aka goge na ƙarshe ba ya salwanta, yana nan a ajiye, kuma `p` yana liƙa shi bayan manuni, `P` kafinsa. Shi ya sa `ddp` yake musanya layi da na ƙasansa, `xp` kuma ya gyara haruffa biyu da suka sha gaban juna. Tarkon da ke nan shi ne, idan ka kwafi kalma da `yiw` sannan ka goge wata don ba ta wuri, `p` zai liƙa wadda ka goge, ba wadda ka kwafa ba. Mafita ita ce `"0p`, domin ma'ajiya mai lamba sifiri tana riƙe kwafin ƙarshe, gogewa ba ta taɓa ta.

Ɗigo, wato `.`, yana maimaita gyaran ƙarshe, kuma saboda shi ne ya dace a riƙa tsara kowane gyara ya zama dunƙule ɗaya. Idan layuka goma suna buƙatar waƙafi a ƙarshe, ka yi `A,` da Esc a na farko, sauran kuma `j` da `.` sun wadatar. Idan kalma ce ake son sauyawa a wasu wurare a bar ta a wasu, ka nemo ta da `/`, ka danna `cgn` ka rubuta sabuwar, ka danna Esc, daga nan `n` zai kai ka ta gaba, ɗigo ya sauya ta, ko ka sake danna `n` ka tsallake wadda kake son bari. Aikin da ya fi gyara guda tsawo kuwa ana naɗe shi: `qa` ya fara naɗa, `q` ya tsayar, `@a` ya sake aikatawa, `20@a` kuma ya yi sau ashirin.

Mai rubuta Hausa yana da buƙatar da ta keɓanta da shi, wato haruffa masu lanƙwasa. A yanayin rubutu, `Ctrl-v` sannan `u0253` yana ba da ɓ, `u0257` ya ba da ɗ, `u0199` ya ba da ƙ, `u01b4` kuma ya ba da ƴ da ake amfani da shi a rubutun Nijar. Tun da babu mai son buga lambobi a kowace kalma, gara a sa wannan layi a fayil ɗin saitin Vim, wato `.vimrc`: `digraphs hb 595 hd 599 hk 409 hy 436`. Bayan haka `Ctrl-k` tare da `hk` zai fitar da ƙ, sauran ma haka. Idan kuma aka kawo maka tsohon rubutu da aka buga k'asa a maimakon ƙasa, umarnin `:%s/k'/ƙ/gc` zai bi fayil ɗin gaba ɗaya. `%` na nufin dukkan layuka, `g` duk inda ya fito a layi, `c` kuma ya sa manhajar ta tambaye ka kafin kowane sauyi, ka amsa da `y` ko `n`. Kada a yar da wannan `c`, musamman wajen gyaran ɗ, domin suna kamar Ahmad idan ya zo a ƙarshen zancen da aka rufe da alamar zance guda ɗaya ('), za a mayar da dalinsa mai lanƙwasa ba tare da kowa ya lura ba.

Idan wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke ana tsakiyar aiki, Vim yana barin ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da `.swp` kusa da na asali. Ka buɗe da `vim -r` tare da sunan fayil ɗin, ka duba abin da aka ceto, ka ajiye shi da `:w`, sannan ka goge ɓoyayyen fayil ɗin da kanka, in ba haka ba gargaɗin zai riƙa fitowa duk lokacin da ka buɗe. Don gwada yawancin waɗannan umarni a kan rubutun da ba a tsoron lalacewarsa, a buga `vimtutor` a inda ake ba kwamfuta umarni. Darasi ne da ke zuwa tare da manhajar, kuma kusan rabin sa'a ya isa a kammala shi.