Takardar Italiya ba ta ba ka aiki a Jamus

Na zo gida hutu, kusan kullum in na zauna a majalisarmu ta Fagge bayan la'asar sai wani yaro ya matso, "Yaya, na samu makaranta a Poland, in na shiga ai sai in zarce Jamus in kama aiki ko?" Abin yana ƙona min rai wallahi, don wannan lissafin ne ya ci min kusan shekara guda.

Ƙannena, Turai nahiya ce, Tarayyar Turai kuma ƙungiya ce ta ƙasashe 27, kowacce da gwamnatinta da dokarta ta baƙi. Birtaniya ta fice tun 31 ga Janairun 2020. Norway da Suwizalan ba su cikin ƙungiyar amma suna cikin yankin Shengen inda a ƙa'ida ake wuce boda ba bincike, Ayalan kuma tana cikin ƙungiyar amma ba ta cikin Shengen, bizar Shengen ba za ta kai ka Dublin, babban birninta, ba. Kuɗi ma ba kowa ke kashe yuro ba, a Poland zuloti ne.

Maganar sanyi da abinci da masallaci ba zan ɓata bakina ba, 'yan uwa za su nuna maka cikin sati ɗaya, kuma a nan kam ina alfahari da mutanenmu, na Kano da na Maraɗi da na zangon Kumasi, in aka yi rashi kafin a kwana an haɗa kuɗin jana'iza.

Takarda ce matsalar. Ni ina da katin zama na Italiya, wanda suke kira permesso di soggiorno, aiki ya yi wuya, aka ce min a Jamus ana biya da kyau, na hau bas na wuce ba wanda ya tare ni, sai na ɗauka kamar na tashi daga Kano na sauka Kaduna ne. Ashe katin nan yawo kawai ya halatta min, kwana 90 a cikin kwana 180, ban da aiki. 'Yancin zama da aiki a ko'ina na 'yan ƙasa ne masu fasfo ɗin ƙungiyar, mu baƙi sai ka yi shekara 5 bisa doka ka samu katin dogon zama, shi ma ɗin sai ka sake nema a ƙasar da ka koma.

Na kama ɗaki wurin wani mutum da shi ma haya yake, ya karɓi kuɗin wata biyu a hannu, da na ce ya sa min hannu a takardar da ake kaiwa rajistar adireshi, wato Anmeldung da ake so a yi cikin kwana 14, sai ya ce shi bai san zancen ba. Sunana ko a jikin akwatin wasiƙa bai yarda na liƙa ba. Na yi wanke-wanke a wani gidan abinci a ɓoye, mai wurin ya riƙe min albashin wata biyu, wa zan kai wa ƙara? Ina can katina na Italiya ya kusa mutuwa, na dawo a gurguje, sannan na shafe watanni ina kwana a falon wani ɗan uwa da rasit ɗin sabuntawa a aljihu ina jira a kira ni.

Masu neman mafaka kuma, yawanci ƙasar da aka fara ɗaukar zanen yatsunka nan ake mayar da kai komai nisan da ka yi.

Yaron nan na Poland na ce gobe ya kawo min takardar makarantar da ta bizar mu karanta tare layi-layi, kafin babansa ya sayar da filinsa na Rijiyar Zaki.