Kar ku bar Windows ta kirga wa injin sitefa bugu

'Yan uwa masu haɗa injin sitefa (injin lantarki mai juyawa taku-taku, kowane bugun lantarki taku ɗaya) da kwamfuta, ga shawara: ku sa Arduino Uno, wani ƙaramin allon kwamfuta, a tsakani, ku ɗora masa GRBL, manhajar da ke sarrafa irin waɗannan injina. Kwamfuta ta aika umarni ta USB, shi kuma ya fitar da bugun lantarkin zuwa direba, wato allon da ke ba injin wuta ya yi taku.

Ga dalili. Injin da ke taku 1.8° yana son bugu 200 kafin ya yi zagaye ɗaya. In kun raba takun gida 16, ya zama 3200. Kuma dole tazarar bugu da bugu ta zo daidai. Windows kuwa hankalinta a rabe yake, tana iya tsayawa ta yi wani aiki a tsakiyar kirgen. Nan injin zai fara karkarwa, ya tsallake taku, aikinku ya karkace. Arduino ba shi da wani aiki sai wannan, agogonsa na ciki ke riƙe lokaci.

Don Allah kar ku ɓata kuɗi kan wayar da ke mai da USB kafar firinta (parallel port, kafar tsofaffin kwamfutoci mai fil da yawa) don juya injin kai tsaye daga kwamfuta. Don firinta aka yi ta, ba za ta ba ku ikon sarrafa kowane fil na kafar ba.

Inda dabarar Arduino ke gazawa: GRBL a kan Uno ba ya wuce bugu kusan 30,000 a daƙiƙa, kuma injina uku yake juyawa daban-daban. In kuna son injina fiye da uku, ku nemi tsohuwar kwamfuta mai kafar firinta ta asali, ku sa LinuxCNC, manhajar sarrafa injina da ke aiki a kan Linux maimakon Windows.

Kuma kar ku cire wayar injin alhali direba na da wuta, direba irin A4988 na iya ƙonewa nan take.